Digiri na biyu ta hanyar ROTC: a san sharuɗɗan tukuna

Ranka ya daɗe Edita,

Ka ba mu fili mu yi wa matasanmu mazauna Amurka bayani kan tallafin ROTC na sojan ƙasa, wato shirin horar da ɗaliban jami'a su zama hafsoshin soja, domin da yawa sun ɗauka na masu digirin farko ne kaɗai. Mai karatun digiri na biyu ma yana iya samun tallafin shekara 2, muddin zangon karatu 4 suka rage masa kuma yana karatu na cikakken lokaci. Digirin shekara ɗaya bai cika wannan sharaɗi ba.

Wanda bai taɓa yin ROTC ko aikin soja ba sai ya fara zuwa sansanin horo na Fort Knox a Kentucky lokacin hutu. Ana biyan kuɗin makaranta, da dala 1,200 na littattafai a shekara, da alawus dala 420 a wata. Amma dole ɗalibi ya zama ɗan ƙasar Amurka. Katin zama na dindindin bai wadatar ba.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne binciken lafiya. Asma ko tsohuwar tiyata kan riƙe takardu watanni, don haka a fara da wuri. Bayan kammalawa akwai aikin soja na shekara 8, yawanci 4 a bakin aiki. Wanda ya janye bayan sa hannu a yarjejeniya, ana iya tilasta masa mayar da kuɗin.

Wassalam,
Wasu masu ba ɗalibai shawara