Ƙawalli, batun kito ɗin nan da al'adarki

Assalamu alaikum ƙawalli,

Da fatan kina lafiya, ya maigidan, ya yara, ya fama da aiki. Na saurari saƙon muryarki har ƙarshe, na so in mayar miki da murya nima sai na ga maganar tana da tsawo kuma akwai lambobi a ciki, gara in rubuta ki ajiye ki dinga dubawa a tsanake.

In na fahimce ki daidai, kin shiga kito, tsarin cin abincin nan na yanke sitaci da suga a ƙara maiƙo, sikeli ya yi ƙasa, kaya sun fara yi miki yawa kina ta murna, sai ga al'ada ta zo sau biyu cikin wata ɗaya, daga nan kuma ta yi ɓatan dabo, barci ya ƙi, ga gumin dare. Matar da kike bi a Instagram ta ce jikinki ne yake wanke kansa, yayarki kuma ta rantse kito ne zai kai ki ƙasa. Toh ni dai ban bi bayan kowacce ba a cikinsu, kuma zan gaya miki dalili.

Kinga a shekara 46, ko da baki taɓa jin sunan kito ba al'adarki tana da ikon yi miki wannan wasan. Yawancin mata al'ada tana ɗauke musu ne tsakanin shekara 45 zuwa 55, kuma ba dare ɗaya take tafiya ba, sai ta yi shekaru tana ja da baya, wata mace shekara huɗu, wata ta kai takwas. Abin da ke faruwa shi ne ƙwan da ya rage a jikin mace ya yi ƙaranci, wanda ya saura ɗin ma ba ya amsa kira da wuri. Ƙwaƙwalwa kuma sai ta dinga ƙara turo homon, wato sinadarin kai saƙo a jiki, wanda ake cewa FSH, kamar dai mai ɗaga murya don yana magana da wanda kunnensa ya fara nauyi, wani watan a yi shiru ba amsa, wani watan kuma amsar ta zo fiye da yadda aka nema. Shi ya sa istirojin, babban homon ɗin mata, ba sauka yake a hankali ba kamar yadda mutane suke zato, hawa da sauka yake, wani lokacin ma ya fi na budurwa yawa. Shi kuwa ɗaya homon ɗin, furojestaron, sai ƙwai ya fita ake samunsa da yawa, duk watan da ƙwai bai fita ba babu shi, sai bangon mahaifa ya yi ta kauri ba mai tsayar da shi, ranar da ya tashi zubowa ya zubo da yawa ko a lokacin da ba a zata ba. Likitocin mata ma da wannan suke gane matakin da mace take: in tsawon watanki ya fara bambanta da kwana 7 ko fiye kin shiga farkon hanya, in kika fara tsallake kwana 60 babu jini kin yi nisa. Sai an cika wata 12 cur babu ko ɗigo ake cewa ta ɗauke.

Toh a kan wannan rikicin ne kika ɗora kito, faɗuwa ta zo daidai da zama, yanzu duk abin da ya faru ba ki san wa za ki kama ba.

Shi kito ɗin asalinsa ba na rage ƙiba bane fa. A 1921 wani likita Russell Wilder a asibitin Mayo na Amurka ya tsara shi saboda masu farfaɗiya, har yau kuma ana amfani da shi wa yaran da magani ya ƙi yi musu aiki. Ana yanke sitaci da suga zuwa ƙasa da giram 50 a rana, wasu har 20, kuma kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa kaɗai ya kai kusan giram 45, kinga kenan ba ƙaramin yankewa bane. Cikin kwana biyu zuwa huɗu sugan da jiki ya ajiye a hanta da tsoka sai ya ƙare, hanta ta koma sarrafa kitse tana fitar da wani sinadari mai suna kiton, ƙwaƙwalwa ta rayu da shi. Kowane giram na wancan ajiyayyen sugan yana riƙe da ruwa kusan giram 3, don haka kilo ɗaya ko biyun farko da kika gani a sikeli ruwa ne, kar ki ji haushina. Ciwon kan nan da jiri da kasala na satin farko ma yawanci gishiri ne da ruwa da ƙoda ke zubarwa da insulin ya sauka.

Insulin ɗin nan shi ne ƙofar da kito yake bi ya taɓa homon ɗin mata, kuma nan ne masu tallansa suke da gaskiya. In insulin ya yi yawa a jini yana zuga gidan ƙwai ya yi ta samar da testosteron, homon ɗin maza, yana kuma hana hanta yin wani furotin, SHBG, wanda aikinsa ɗaure homon ɗin da ya yi yawa. Shi ne za ki ga mace da gashin gemu da ƙuraje da al'ada mai wuyar zuwa, irin masu matsalar gidan ƙwai da ake kira PCOS. A 2005 a jami'ar Duke sun sa mata 11 masu wannan matsalar a kan kito na sati 24, biyar ne kawai suka iya kaiwa ƙarshe, amma su biyar ɗin nauyinsu ya ragu da kashi 12 cikin ɗari, insulin ya faɗi da fiye da rabi, biyu ma suka samu ciki bayan sun daɗe suna nema. Ki lura da lambar dai, mutum biyar. A 2024 kuma jami'ar jihar Ohio ta fitar da nata, mata 13 a kan kito na sati shida, 11 suka ce al'adarsu ta canza ko a yawan zuwa ko a ƙarfi, alhali waɗanda aka sa wa abinci mara maiƙo suma sun rage nauyi amma tasu ba ta canza ba. Ga kuma ɗaya gefen: a 2003 asibitin Johns Hopkins ya duba matasa masu farfaɗiya da ke kan kito, kashi 45 cikin ɗari na 'yan matan al'adarsu ta rikice. Wato dai kito yana taɓa al'ada, wannan kam ba musu, wata ya dawo mata da ita wata ya kore mata. Amma duka waɗannan matan ƙwansu da sauransa, ba irinmu ba, matan Ohio ɗin ma yawancinsu 'yan talatin da wani abu ne. Duk wadda ta ɗauko sakamakon 'yar shekara 30 mai PCOS ta ce miki zai daidaita homon ɗin 'yar 46, wallahi kasuwarta take ci. Babu abincin da zai ƙara miki ƙwai.

Abin da ya fi damuna a saƙonki shi ne inda kika ce yanzu ko yunwa ba kya ji, sau ɗaya kike cin abinci, kuma kin ƙara da tafiyar safe mai nisa. Kito yana kashe sha'awar abinci sosai, mace sai ta wayi gari tana cin rabin abin da jikinta ke buƙata ba tare da ta sani ba. Ita kuwa ƙwaƙwalwa tana lissafi, da ta ga abinci ya yi ƙasa kuma homon ɗin leftin da kitse ke aiko mata ya ragu, abu na farko da take rage wa kasafi shi ne haihuwa. Wata mai bincike Anne Loucks ta nuna wannan tun 2003, cikin kwana biyar kacal bugun homon ɗin LH, mai sa ƙwai ya fita, ya rikice a jikin mata masu lafiya da aka bar su da ƙasa da kalori 30 a kan kowane kilo na jikinsu ban da kitse. In muka ƙaddara naki kilo 48 ne, kalori 1,440 kenan, kuma bayan an cire wanda motsa jiki ya ƙona. Cin sau ɗaya da wuya ya kai nan. Homon ɗin tairod mai suna T3 shima yana sauka a irin wannan yanayin, ga jin sanyi ga zubar gashi ga kasala, alamomin da dama shekarunmu suna kawo su, sai ki rasa na waye. Inaga rabin abin da ake ɗora wa kito laifin yunwa ne kawai.

Ban ce ki watsar ba. Ke da kika ce an taɓa gaya miki suganki yana bakin iyaka, ga teɓar da ta taru a ciki tun da al'adar ta fara wasa, rage sitaci zai yi miki amfani na gaske, kuma kitsen jiki shima yana ƙera nasa istirojin ɗin, in ya yi yawa yana ƙara wa bangon mahaifa kauri, rage shi alheri ne. Tsananin ne ban ga dalilinsa ba. Da ni ce zan koma cin sau biyu ko uku, furotin a kowane ci saboda tsoka tana zaizayewa a shekarun nan, in bar sitacin ya hau zuwa giram 80 ko 100 daga wake da kayan lambu da 'ya'yan itace, musamman satin da al'ada ke gabatowa lokacin da jiki ke neman ƙari kuma barci ya fi wuya. Za a ce miki ai kin fita daga kito, toh sai me, jarrabawa ce? Maiƙon kuma ya fi yawa daga kifi da man zaitun da ƙwayoyi irin su almon, ba bota da kitsen nama kullum ba, don kolestarol mara kyau dama yana hawa da kansa daidai lokacin ɗaukewar al'ada, kito mai kitsen dabba kuma yana ƙara tunzura shi a jikin wasu sosai. Ki auna kolestarol ɗin yanzu, ki sake bayan wata uku. Ƙashi ma haka, zaizayarsa ta fi sauri daga shekara ɗaya kafin jinin ƙarshe zuwa shekara biyu bayansa, kina buƙatar kalsiyam miligiram 1,000 a rana yanzu, 1,200 in kin haura 50, ga shi kin ajiye madara. Ki ɗan dinga ɗaga abu mai nauyi, tafiya kaɗai ba ta isa ba. Taurin bayan gida kuwa kin riga kin sani, ganye da ruwa.

Yanzu ga wanda nake so ki yi cikin satin nan ba sai an jima ba. Ki sayi abin gwajin ciki ki gwada. Kar ki yi dariya, al'ada mai tsallake ba ta nufin ƙwai ya daina fita, rage nauyi da saukar insulin ma suna iya farkar da shi, mata nawa suka ɗauka girma ne ya zo ashe ɗan auta ne. In ba kya son ƙari, ƙa'idar da likitoci ke bayarwa ita ce a ci gaba da tsarin iyali har shekara biyu bayan jinin ƙarshe in mace ba ta kai 50 ba, shekara ɗaya in ta wuce. In kuma ciki ne, kito ya tsaya a ranar.

Sai batun jinin da ya zo sau biyu. Dan Allah kar ki bari kito ya zame miki amsar komai. In jini yana jiƙa audugar mata duk awa ɗaya, ko ya wuce kwana 7, ko yana zuwa da guda-guda manya, ko tsakanin wannan da wancan bai kai kwana 21 ba kuma yana maimaituwa, ko kina ganinsa bayan kwanciya da maigida, wannan na likitan mata ne, a yi sikanin a duba ƙarin mahaifa, a auna yawan jininki. Daga shekara 45 zuwa sama akan ɗebi ɗan samfurin bangon mahaifa ma a duba, galibi ba a samun komai amma wanda ake tsoron, in an kama shi da wuri yana jin magani sosai. Gwajin homon mai tsada da waccan matar ke tallatawa kuwa ki riƙe kuɗinki, FSH ɗin yau daban na sati mai zuwa daban, hukumar NICE ta Ingila ma cewa ta yi mace mai lafiya da ta haura 45 da alamominta ake ganewa ba da gwajin ba. In gumin dare ne ya hana ki sakat ki tambayi likitan batun maganin homon, shi ya fi komai aiki a kansa, a duba ko ya dace da ke.

Magunguna kuma, kin ce kina shan na hawan jini, kito yana saukar da jini da kansa, jirin da kike ji in kin miƙe tsaye yana iya zama maganin ne ya yi miki yawa yanzu, amma ba ke za ki rage ba, likitan da ya rubuta shi zai rage. Maigidan da kika ce yana son ya bi sahunki shi na fi ji wa tsoro tunda yana da ciwon suga: mai allurar insulin ko mai shan gilibenkilamaid suganshi na iya faɗuwa warwas, mai shan irin su Jardiance kuwa haɗa shi da kito na iya sa jini ya yi tsami har a kwanta asibiti alhali na'urar suga tana nuna lafiya lau. Kar ya fara sai ya ga likitansa.

Ki samu ɗan littafi ko ki buɗe waje a wayarki, ki dinga rubuta ranar da jini ya zo da ranar da ya tafi da yawansa, da yadda kika yi barci, da sau nawa kika ci abinci, shi za ki miƙa wa likita maimakon ki tsaya kina inaga inaga. Ki turo min hoton kwalayen magungunanku ku biyun in duba sunayen, da sakamakon gwajin cikin ko ma mene ne ya nuna. Ki gaida yaya ki ce mata ta kwantar da hankalinta, ki shafa min kan auta.

Taki har kullum,
ƙawarki