Godiya ga asibitin haƙorin da ya bar mini haƙorina

Assalamu alaikum.

Wannan wasiƙa zuwa ga Likita ce da ma'aikatanta, a wani ƙaramin asibitin haƙori da ke wajen Pen Cinema a Agege. Na yi musu godiya baki da baki, amma na ga bai isa ba, gara 'yan'uwana mazauna Legas su ma su ji.

Ni tela ce, na haura talatin, kuma har yau akwai haƙorin yarinta guda a bakina. Fiƙa ce ta sama, 'yar mitsitsiya, ta lallashe har ta gajarce. Yaro yana da haƙora 20, yakan fara famfara wajen shekara 6, zuwa 12 ko 13 an gama. Nawa duk sun zube ban da wannan. Kakata ta ce ƙadangare ne ya ga giɓina, ƙawaye suka sa mini Autar Haƙori, ni kuma na koyi dariya da gefen mayafi a baki. Duk hotunan bikina babu wanda na buɗe baki a ciki.

Ba rashin nema ba ne. Wani wuri da na je, mutumin ko safar hannu bai gama sawa ba ya ce a cire, a yi dashe. Da ya faɗi kuɗin sai da na tambaya ko na baki ɗaya yake nufi. Wani wurin kuma sai da na biya kuɗin kati, na yini a benci, aka leƙa bakina da fitilar waya aka ce "haƙorin yara ne, ba shi da amfani". Na tambaya me ya hana shi faɗuwa tun farko, aka yi mini kallon wadda ta zo ɓata lokaci. Akwai ma mai ba ni shawarar in rufe shi da haƙorin Makka in huta, ni da ko Umara ban je ba.

Da wannan zuciyar na shiga wurinku, a shirye nake in yi faɗa. Wadda ta kwance ni ita ce nas ɗinku, wata dattijuwa Bayarabiya da kowa ke kira Mama. Ta ga na damƙe jaka a cinya, sai ta ce da ni da Hausarta ta Agege, "Anti, yau ba cirewa, hoto kawai." Ta karɓi jakar ta ajiye inda idona ke gani, ta gyara mini hijabi yadda ba zai jiƙe ba ba tare da ta ce in cire ba. Da aka ɗora mini rigar nan mai nauyi ta ɗaukar hoto, sai da ta faɗa mini amfaninta. Mama, Allah Ya saka da alheri, Ya raya miki zuri'a.

Likita ta juyo da kwamfuta ta nuna mini abin da ba wanda ya taɓa nuna mini. Ashe haƙorin girma ne ke cinye saiwar na yarinta daga ƙasa har ya yi girgiɗi ya faɗi. Ni kuwa ƙaramin haƙorin da ke bin manyan gaba biyu ba a halicce ni da shi ba a wannan ɓangaren, sai fiƙar girma ta matso ta zauna a gurbinsa, ta yarinta ta rasa mai ture ta. Ta ce wasu kuma nasu yana nan, maƙalewa ya yi cikin ƙashi, kuma maganin wannan daban ne, shi ya sa ba a yanke hukunci sai da hoto. Ta tambaye ni ko akwai mai irin haka a gidanmu, don abin yana bin jini. Nan na tuna da bakin ƙanin mahaifina.

Sannan ta jero mini hanyoyi, kuma abin da ya ba ni mamaki shi ne da mai araha ta fara. Tunda saiwar na da sauran tsawo kuma haƙorin ba ya motsi, ana iya barin sa a gina shi da farin ciko mai launin haƙori. Ana iya yi masa hula, amma sai an fere shi, ga shi dama ƙarami. Idan an cire, akwai wanda ake liƙawa a bayan maƙwabcinsa, akwai na roba da ake sawa a cire, akwai sa waya a matso da sauran su rufe giɓin, wanda kan ɗauki shekara da shekaru. Dashe shi ne na ƙarshe: a kafa ƙarfen titaniyam a ƙashi, a jira watanni ya kama kafin a ɗora haƙori. Ba ta ɓoye mini ba cewa wata rana tawa fiƙar za ta iya gajiya, amma ta ce muddin tana nan tana riƙe da ƙashin wurin, wanda ke zaizayewa in an bar giɓi.

Na zaɓi ciko. Ko allura ba a yi mini ba. Mama ta riƙa kara samfuran launi a jikin haƙorana a bakin taga, har aka dace da wanda ya saje. An gargaɗe ni da goro da yawan shayi don suna rina shi, da kuma yanke zare da haƙori, wanda duk tela ta san wuyar bari.

Abin da ke ci mini rai shi ne, me ya sa irin wannan ya zama abin mamaki? Mutanenmu na Mile 12 da Alaba Rago da Idi-Araba nawa ne aka cire wa haƙorin da zai iya zama, don kawai Turancinsu bai kai su yi tambaya ba? Da an ji harshenka ya karkata sai a daina bayani, a miƙo takardar biya. Mu ma muna da namu, ba ma zuwa sai kunci ya kumbura. Amma wanda ya zo da ƙafarsa, lafiya lau, yana tambaya, ai ya cancanci a ɗauki hoto kafin a ɗauko filaya.

Zan dawo a sake duba ni kamar yadda aka ce, kuma zan zo da 'yar yayata, don ita ma na ga wani nata ya ƙi faɗuwa.

Taku,
wata tela daga Zangon Agege