Fina-finan zane na Japan da tatsuniyoyinmu da ke kwance

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a jaridarku in yi magana kan fina-finan zane na Japan, waɗanda yaranmu a nan Damagaram suke tura wa juna a waya, iyaye kuma suke ɗauka wasan yara ne kawai. Waɗanda suka fi shiga rai a cikinsu daga tatsuniya da camfin ƙauyukan Japan aka ɗebo su, kuma ba banza ba suke kama wanda bai taɓa taka ƙasar ba.

Babban sirrin shi ne iskokinsu suna da doka. A fim ɗin Hayao Miyazaki na 2001, wanda aka fi sani a nan da Le Voyage de Chihiro, yarinya 'yar shekara 10 ta faɗa garin iskoki. Iyayenta suka ci abincin da ba a ba su ba, suka rikiɗa aladu. Tsohuwa mai gidan wanka ta ƙwace mata suna, kuma duk wanda ya manta sunansa na yanka ba ya komawa gida. Da za ta fita aka ce ta tafi kada ta waiwaya. Wanda kakarsa ta ba shi labarin marainiyar da kishiyar uwa ta aika rafi, ta gamu da abin ban tsoro ta gaishe shi da ladabi ta tsira, ba sai an yi masa bayani ba. Mai kallo ya riga ya san dokar, shi ya sa gabansa ke faɗuwa idan an kusa taka ta. Fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Barlin a 2002, ya ci Oscar a 2003.

Sai kuma wuri. Masu zanen Ghibli, kamfanin su Miyazaki da ya yi fim ɗin Chihiro, wanda aka kafa a 1985, ba sa ƙaga daji da ka. Kafin fim ɗin Mononoke na 1997 sai da suka je tsibirin Yakushima suka kalli itatuwa da gansakuka da idonsu. Iskokin ma a ɗaure suke da abin da ke damun mutane. A fim ɗin Chihiro wani baƙo ya zo wanka yana ɗoyi, aka ɗaura igiya aka ja, sai ga keke da tarin shara suna fitowa daga jikinsa: ashe iskan kogi ne da mutane suka cika da juji. Duk wanda ya ga yadda leda ta rufe tafkunan garinmu bayan damina ya gane wannan.

Kuma ba daga sama suka tsinci kayan aikin ba. Tun 1910 marubuci Kunio Yanagita ya buga labarai 119 da ya rubuta daga bakin Kizen Sasaki, mutumin yankin Tono na arewacin Japan. Isao Takahata na kamfanin Ghibli ya ɗauki labarin mai saran gora, wanda ya haura shekara 1,000, ya fitar da fim ɗin Kaguya a 2013.

Mu me muka rasa? Muna da Gizo da Ƙoƙi, da Dodo mai hana ɗiban ruwa, da kuka da tsamiyar da ba a zama gindinsu da tsakar rana. Frank Edgar ya buga tatsuniyoyin Hausa kundi uku tsakanin 1911 da 1913, kuma cibiyar CELHTO tana Yamai tana tattara adabin baka tun 1968. Moustapha Alassane, ɗan ƙasar nan wanda ya rasu a 2015, ya yi fim ɗin zane da kwaɗi tun 1966. Abin da ke kayar da matasanmu masu zane shi ne rashin lissafi, don haka ga shi dalla-dalla.

Fim yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa ɗaya, amma Japanawa ba sa zana 24 ɗin duka. Sukan bar zane ɗaya ya tsaya hoto biyu, wato zane 12 a daƙiƙa, ko hoto uku, wato zane 8. Da 8, minti ɗaya zane 480 ne, minti 5 kuma 2,400. A ce mutum yana gama zane 20 masu tsabta a yini: aikin kwana 120 ke nan, ko wata ɗaya ga mutum huɗu, ban da fenti da zanen wuri. Wanda ya ce zai fara da fim na awa ɗaya da rabi zai watsar tun bai kai minti uku ba. A fara da tatsuniya ɗaya, minti 5, 'yan wasa kada su wuce uku.

Tsarin aikin kuwa, a fara ɗaukar muryar mai ba da labarin, da izininta, har da waƙar da ke ciki, don waƙar ce ƙashin bayan tatsuniya. Sannan a zana labarin a ƙananan akwatuna, kowane da adadin daƙiƙoƙinsa a gefe, a jera su a kan muryar a kalla. Inda ya gundura a yanke shi nan take, kafin a ɓata zane ɗari a kansa. Babban mai zane ya zana mafarin motsi da ƙarshensa, mataimaka su cike tsakani. Baki siffa uku ta isa: rufe, rabin buɗe, buɗe. A Japan galibi bayan zane ake sa murya, amma ni ina ganin Hausa ta fi son a fara da murya, saboda dogon wasali da karin sauti ba sa yarda a matse su cikin bakin da aka riga aka zana. Manhaja ba ta buƙatar ko dala: Krita kyauta ce, haka OpenToonz, wadda aka saki a 2016 daga irin wadda Ghibli ke aiki da ita.

Inda ake faɗuwa sananne ne. Fuskar Gizo takan canza daga fage zuwa fage idan ba a zana shi ta gaba, ta gefe da ta baya a takarda ɗaya an ba kowa ba, tare da launukansa ƙayyadaddu. Ƙafa takan yi santsi idan saurin jan hoton baya bai yi daidai da faɗin taku ba. Murya takan lalace da ƙarar janareta da kabu-kabu, don haka a ɗauka da dare a ɗakin ƙasa, a rataya barguna, makirufo ya yi tazarar taƙi ɗaya daga baki. Ɗaukewar wutar lantarki da zafin bazara suna cinye aiki, sai a riƙa adana kwafi biyu a wurare biyu kullum.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne kwaikwayon fuska a bar hanya: manyan idanu, gashi mai tsini, koren dajin da ba namu ba. A fita da takarda a zana duwatsun Birni, da zanen bangon gidajen da ke kewayen fadar Sarki, da rawanin dogarai, da kayan Wasan Kara. Sararin hunturu fari-fari ne da ƙura, kada a shafa masa shuɗi.

Ga iyayen da ke fargaba kan aƙida, damuwarsu tana da tushe, don fina-finan na ɗauke da addinin gargajiyar Japan, kuma Mononoke akwai jini da sare-sare, bai dace da ƙananan yara ba. A kalla tare da su, a gaya musu tatsuniya ce, kamar yadda namu ake rufewa da ƙurungus kan kusu.

Roƙona gare ku, Malam Edita, ku ware shafi a wata ku buga tatsuniya ɗaya yadda aka ji ta daga baki, da sunan garin da aka ɗauko ta da waƙarta cikakkiya, don masu zane su sami abin farawa.

Naku,
Wani mai zane,
Unguwar Birni, Damagaram