Wasiƙar Godiya Ga Mai Gidan Kallon Bakin Tasha

Assalamu alaikum, Alhaji.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da yaran gida baki ɗaya. Na rubuto ne a madadin 'yan ƙungiyarmu ta masu rubuta wasan kwaikwayo, waɗanda ka saba gani duk ranar Litinin rungume da takardu a leda. Ka ce kada a kama sunanka, kuma mun kiyaye. Duk wanda ya san garin nan namu na ƙasar Gumel ya san gidan kallon da ke bakin tasha, wanda bai sani ba kuwa sunan ba zai ƙare shi da komai ba. Godiyar ce dai ba za mu ɓoye ba, tunda an ce yaba kyauta tukwici.

Saboda masu karatu na nesa, bari in faɗi yadda abin yake. Gidan kallon ƙwallo ne irin wanda kowa ya sani: rufin kwano, bencina a jere, manyan talabijin biyu a gaba, janareta a bayan katanga. Talata da Laraba akwai gasar zakarun Turai, Alhamis akwai Europa, Asabar da Lahadi kuwa ko wurin sa ƙafa babu. Litinin ce gidan ke shan iska, in ma akwai wasa sai da dare. Ita ka ba mu, daga idar da La'asar zuwa kiran Magariba, ko sisi ba ka taɓa karɓa ba.

Abin da muke yi a ciki karatu ne, ba wasa ba. Marubuci ya kawo abin da ya rubuta, a raba wa 'yan wasa kowa da kwafinsa, su zauna a benci ɗaya suna fuskantar jama'a, kowa ya karanta maganar wanda aka ba shi da muryar da ta dace. Babu kayan wasa, babu gemun auduga, ba a haddace komai. Mutum ɗaya ke zama a gefe yana karanta bayanin fitowa: wane ya shigo, wance ta fita, an buga ƙofa. Shi kuwa marubucin, dokarmu ita ce ya koma can baya cikin masu sauraro da biro a hannu, bakinsa alaikum har a gama. Aikinsa ya lura da inda aka yi dariya, da inda aka yi tsit, da inda samari suka fara zaro waya daga aljihu. In an kammala sai a buɗe fili, a tambayi jama'a me suka fahimta, a ina labarin ya ɓace musu, wa suka tausaya wa. Daga nan ya tafi gida ya gyara, in ya shirya ya dawo a sake ji.

Kafin ka buɗe mana ƙofa, rubutun yawancinmu a littafin makaranta yake ƙarewa, a ƙarƙashin katifa. Mai ƙarfin hali ya ɗauka ya kai birni, ya miƙa wa wani da aka ce ya san masu shirya fim, shi ke nan an shafa fatiha. Kuma ko an karɓa, abin da ya kai ɗin ɗanye ne, domin wasan kwaikwayo ba kamar ƙagaggen labari ba ne da mutum zai karanta shi kaɗai a ɗaki. Don baki da kunne ake rubuta shi. Wanda bai ji maganarsa a bakin wani ba, tela ne da ya gama ɗinki bai gwada a jikin mai riga ba.

Ba zan manta da wasan da wani malamin firamare cikinmu ya kawo ba. Labarin wani dattijo ne da ya kai san huɗarsa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, don ya haɗa wa ɗansa kuɗin tafiya ci-rani. A rubuce, mai saye ya zo ya ce, “Baba, nawa ne san nan?” Dattijo ya faɗi kuɗi, mai saye ya ce a rage masa. Mu duka mun karanta a takarda, babu wanda ya ga aibu. Ana cikin karatu sai muka ji wani tsoho a bakin ƙofa, da kofin shayi a hannu, yana ta ƙyaƙyata dariya shi kaɗai. Ashe tsohon dillalin dabbobi ne. Da aka buɗe fili ya ce, “Ɗana, ai cinikin atamfa ka rubuta. A kara ba haka ake yi ba. Mai saye ne ke tayawa, a ce albarka, ya ƙara, a ce albarka. Dillali ne a tsakani, shi ke magana. Sai an kai inda aka kai ya ja mai dabba gefe su yi ƙus-ƙus, sannan a sallama, a fitar da la'ada.”

Malamin ya sha kunya a ranar, amma da ya dawo da gyara sai ga wasan ya zama wani abu daban. Ya shigo da dillali cikin labarin, ya bar dattijon a tsaye riƙe da igiya, mutum biyu suna ja-in-ja a kan san da ya yi shekaru yana huɗa da shi, shi ko ba ya cewa uffan sai da aka juyo aka ce, “Baba, a sallama?” Duk dogon jawabin baƙin ciki da ya sa masa a baki a karon farko ya soke shi, don ya gane ba a buƙatarsa. Wannan gyara ba daga littafin koyon rubutu ya fito ba, kuma da a ajin makaranta muke zaman, tsohon nan ba zai taɓa leƙowa ba. Ya leƙo ne don gidanka a bakin tasha yake, kusa da mai shayi, inda kowa ke jin yana da ikon shiga.

Irin wannan ta faru da wani wasan na rabon gado, inda aka ba kowace cikin matan mamaci biyu rubu'i alhali akwai 'ya'ya. Malamin Islamiyya da ke wurin ya gyara nan take: in akwai 'ya'ya tumuni ne, kuma tumunin guda ɗaya matan za su raba tsakaninsu. Rigimar kishiyoyin ma sai ta fi armashi da rabon ya ƙanƙance.

A nan ne nake ganin babbar kyautarka take, Alhaji, fiye da bencina da inuwa. Kai ka kawo mana masu sauraro. Duk ranar Lahadi, a minti 15 na hutun rabin lokaci, yaronka kan rage muryar talabijin ya yi shela cewa gobe bayan La'asar akwai karatun wasa, shiga kyauta ne. Da farko don tsokana suke zuwa. Amma in ana neman masu sauraron da ba sa rufa-rufa, to babu kamar 'yan kallon ƙwallo. Mutumin da ya saba yi wa alƙalin wasa ihu daga nan har Ingila ba zai ji nauyin marubucin unguwarsu ba. In fitowa ta yi tsawo za su ce ta yi tsawo, in barkwanci bai ba da dariya ba za a yi shiru mai ciwo. Abokanmu marubuta kan lallaɓa juna, su kuwa babu ruwansu. Har kiran Magariba ya zame mana malami, don duk wasan da ladan ya katse shi, marubucinsa ya san akwai abin yankewa.

Ba mu manta da abin da ka yi tun farko ba, lokacin da magana ta fara yawo cewa ana tara yara a gidan kallo ana koya musu rawa da waƙar fim. Ba ka jira an kira mu ba. Ka sa babbar riga ka tafi wurin mai girma dagaci, Allah ya ja zamaninsa, ka je wurin liman, ka ce su turo wanda suka yarda da shi ya zo ya ji da kunnensa. Kai da ka yi jam'iyyar PRP tun kana saurayi, ka tuna musu cewa marigayi Malam Aminu Kano da kansa ya rubuta wasannin kwaikwayo tun yana malamin makaranta a shekarun 1940, yana jan kunnen jama'a da su, kuma wasannin da suka riƙa kallo a CTV, tashar da aka kafa a zamanin Gwamna Rimi, lokacin da yankinmu duk jihar Kano ce, ba su lalata kowa ba. Ka ce wanda ya yi tashe yana yaro cikin azumi ai ya riga ya yi wasan kwaikwayo. Wakilin liman ya zo, ya zauna har ƙarshe, yanzu ma shi ne wannan malamin da ke duba mana duk abin da ya shafi addini.

Samarin da suka riƙa zuwa da zaton za a ɗauke su fim, su ma mun sha fama da su. Mukan gaya musu cewa masana'antar da suke hange ɗin daga irin wannan zama ta taso, don ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ce ta yi fim ɗin Turmin Danya a 1990. Wasu sun tafi da suka ga babu kyamara, wasu sun zauna, kuma biyu cikin waɗanda suka zauna yanzu su ne muryoyin da muka fi ji da su.

Sai zancen mata, wanda ya daɗe yana damunmu. Matan aure da 'yan mata ba za su shigo gidan kallo ba, kuma babu mai cewa su shigo. Samari ke karanta maganar mata suna siranta murya, jama'a na dariya a inda ya kamata a ji tausayi. Kai ka kai maganar gida, Hajiya uwargida ta ce tsakar gidanta a buɗe yake sau ɗaya a wata. Ranar zaman sai ka sa a loda bencina a kura a kai. Malamai mata da 'yan matan da ke karatu a Kwalejin Ilimi ta Gumel su ke karanta komai, har maganar maza, marubuci kuwa iyakarsa zaure, yana jiyowa ta bayan labule. Abin da ya fito daga wannan zama ya fi na gidan kallo zafi. An kama wani ya sa uwa tana kiran sunan ɗan farinta gatsau, an kama wani ya sa amarya tana kiran sunan miji a gaban surukarta. Wata gwaggo ta aiko da tambayar da har yau babu wanda ya amsa: me ya sa duk macen da ke cikin wasanninmu ko dai tana kuka ko tana gulma, babu mai daka, babu mai saƙa, babu mai lissafin kuɗin ƙuli? Gaskiya ta faɗa. Bayan 'yan watanni wata malama ta kawo nata wasan a kan uwar adashin da kwasa ta rikice mata, kuma a ganina har yanzu babu wanda ya kamo shi cikin duk abin da muka karanta. A gaishe mana da Hajiya da kyau, a ce mun gode da zoɓon da ake aiko wa na zaure.

Mun san hidimar nan tana cin aljihunka. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, duk mai janareta ya san abin da ake nufi da tayar da inji na awa biyu. Amma da bazara, in kwano ya ɗau zafi, sai mu ji ka ce wa yaro ya tayar a kunna fanka, don ba a sauraron magana ana fifita. Kuɗin fotokofi mu ke yin karo-karo, akwatin ƙarfen da muke ajiye takardu saboda gara kuwa naka ne.

Wani halinka da ya kamata masu taimako su ji shi ne, ba ka taɓa cewa a rubuta kaza ko a cire kaza ba. Har ranar da wani yaro ya kawo wasan da ke caccakar masu gidajen kallo, wai su ke hana yara zuwa Islamiyya, muna ta satar kallonka gabanmu na faɗuwa. Ka zauna ka ji har ƙarshe, ka ce wasa ya yi, sai dai ya manta bai sa bashin da 'yan kallo ke ci suna canza hanya ba. Ya kuwa sa, kuma wurin ne ya fi ba da dariya a karatu na biyu.

Ba za mu cika baki mu ce mun yi suna ba. Abin da muka samu dai shi ne, wasan san huɗa an yi shi a dandali ranar raba kyaututtuka a makarantar sakandare, na adashi kuma mata sun yi shi a wani taron suna, sauran suna cikin akwati ana ta sassaƙa. Matsalar da ta rage ita ce damina: in ruwa ya sauka a kan kwano ko na kusa da kai ba ka ji, ga shi kowa na gona. Don haka muka tsayar da cewa za mu riƙa hutawa daga shuka, mu dawo in an yanke gero an kaɗe riɗi.

Marubutan ƙauyukan da ke kewaye da mu, daga ɓangaren Gagarawa ko Sule Tankarkar ko Maigatari, duk mai wasa a ajiye ya zo da shi in an dawo. Ya kawo kwafi daidai yawan mutanen da ke cikin wasan, da ƙarin guda na mai karanta bayanin fitowa, rubutun hannu ma ya wadatar in yana karantuwa. Ya tambayi mai shayin bakin tasha, zai nuna masa ƙofa.

Alhaji, Allah ya saka da alheri, ya albarkaci kasuwa da zuri'a, ya jiƙan magabata. Gaisuwa ta musamman ga yaron inji, wanda ke share gida ya jera benci tun kafin mu iso.

Wassalam.

Naka,
Sakataren ƙungiya, a madadin dukkan 'yan zaman Litinin.