Zuwa ga abokina, kan maganar hotunan Dang

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya gida ya iyali, ya sanyin Kanada? Ina fata uwargida da yara duk suna lau. Mu nan Ngaundere sai godiya, damina ta zauna sosai, ka dai san ruwan garin nan in ya kama tun Afrilu sai wajen Oktoba yake sallama, komai na ɗaki ya yi sanyi har takalmi fumfuna yake. Hajiya tana gaishe ka, tace wai ko ka manta hanyar gidan da kake zuwa shan dakkere da kindirmo ranar Lahadi.

Abun da ya sa na zauna rubuta maka doguwar wasiƙa maimakon in tura murya shi ne maganar nan da aka taso da ita a gurup ɗinmu na tsofaffin ɗalibai, na ga ka karanta baka ce komai ba, to ni kuma ba zan ƙyale ka ba don na san abun da ke cikin akwatinka. Maganar tara hotuna da takardun jami'armu ce, ta Ngaundere da ke Dang. Wasu sun ɗauka wasa ne, kowa ya jefo hoton da yake da gashi a kai a yi dariya a wuce, amma ni wallahi abun ya fi ƙarfin dariya a wurina.

Ka tambayi yaran da ke Dang yanzu yaushe aka kafa makarantarsu, wanda ya yi ƙoƙari zai ce maka 1993. Bai yi ƙarya ba, a Janairun 1993 ne aka raba jami'ar Yaunde aka fitar da jami'o'i shida, tamu na ciki tare da Buya, Duwala, Cang da Yaunde biyu. Amma ai ba ranar aka fara ba. Tun 1977 zamanin Ahijo aka sa hannu a dokar kafa cibiyoyin jami'a guda huɗu, Ngaundere ɗaya ce daga ciki, sannan a 1982 aka buɗe ƙofa da makarantar injiniyoyin sarrafa abinci, wadda yanzu ake kira ENSAI. Kenan akwai shekara goma cur da aka yi ana karatu a dajin nan kilomita 15 daga gari kafin a kira shi jami'a, su wa suka fara shiga ajin, wa ya koyar da su, ya Bini, unguwar da ke jikin jami'a, take lokacin da babu minisite, wato gidajen hayar ɗalibai, ko ɗaya, waɗanne gonaki ne aka tayar aka yi gini? A 2027 waccan doka ke cika shekara 50, kuma na tabbata za a yi biki, za a buga atamfa da hula, amma ina so ranar a samu abun nunawa wanda ya wuce jawabi.

Kada ka ji kamar ina cewa hukuma bata ajiye komai, tana ajiye nata. Dokoki, sakamakon jarabawa, takardun ɗaukar ma'aikata, memuwar da tez, wato kundin binciken kammala digiri, na laburare, wannan aikinsu ne. Amma rayuwar da muka yi ba a ofis take ba. Babu ofishin da ya ajiye hoton layin resto inda ɗalibai ke cin abinci, ko yadda muke cusuwa mu shida bakwai a taksi ɗaya daga gari zuwa Dang, ko amfi, babban zauren lacca, cike har da masu zama a taga, ko sallar tarawi da muke yi 'yan Kamaru da 'yan Cadi sahu ɗaya, ko matan nan masu makala (fanke) da wake a bakin hanya da suka ciyar da rabin masu lisans, wato digirin farko, na arewa bashi. Waɗannan suna hannunmu, cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, cikin albam ɗin da matanmu suka gaji da shi, cikin kwali a ɗakin ajiya inda gara ke shagalinta.

Har ƙananan takardu da muke raina su. Rasit ɗin jaka hamsin na rajista misali, ai shi kaɗai tarihi ne, don gyaran 1993 ɗin ne ya soke burs, wato alawus ɗin ɗalibai, ya kawo biyan sefa 50,000, yayyenmu ana biyansu su yi karatu mu kuma mu biya mu yi, in ka ajiye katin ɗalibi na 1990 kusa da rasit na 1995 ka ba yaro labarin ƙasar nan ba tare da ka buɗe baki ba. Haka polikopi, wato takardun darasin malamai, da aka buga da injin roniyo, jadawalin darasi, tikitin resto, takardun da ake mannawa a bango lokacin zaɓen delege, wato wakilan ɗalibai, har 'yan takardun da ake rabawa da dare in za a yi yajin karatu.

Abun da ya fi tayar min da hankali shi ne masu hoto. Ka tuna mutanen nan da ke yawo da kamara a wuya ranar sutnans, wato ranar kare kundin bincike, su ɗauke ka da rigar aro da fulawar roba, bayan kwana biyu su kawo maka kati? To kai katin aka baka, fim ɗin yana wurinsu, kuma fim ɗin shi ne uwar hoto, ya fi katin kyau nesa in aka wanke shi da na'urar yanzu. Na nemi ɗaya daga cikinsu, tsoho ne yanzu ido ya yi rauni, ya ce in zo in duba. Kwali biyu ya rage masa, sauran yaran gida sun zubar lokacin da aka gyara rufi don a ganinsu shara ce. Da na buɗe na farko wani wari mai tsami ya buge ni, warin binegar sak, wannan alama ce fim ɗin ya fara cin kansa, zafi da laima ke jawo haka kuma in ya fara baya tsayawa, sai ya lanƙwashe ya yi ƙuraje hoton ya tafi, har ma yana harbin na kusa da shi shi yasa ake ware mai warin gefe. Na biyun da sauƙi, ya sa su a ambulan ya rubuta wata da shekara, Allah ya saka masa. Irin wannan aikin an taɓa yin sa a ƙasar nan, a Mbuda can yamma an kwafe dubban fina-finan wani mai hoto Jacques Touselle da tallafin shirin Laburaren Birtaniya na ceton takardun da ke cikin haɗari, yanzu duk duniya ana iya kallonsu a intanet. In an yi wa situdiyon mutum ɗaya me zai hana a yi wa jami'a guda?

Amma ka ga ko an kwafe, hoto ba suna kamar buhun goro ne ba shaida a tashar jirgi, kowa ya gan shi babu mai cewa nasa ne. A cikin ambulan ɗin tsohon nan akwai hoton wasu mutum tara gaban wani gini da ba a gama ba, biyu Turawa, babu wanda ya san su a gurup, sai da na kai wa wata tsohuwar sakatariya da ta yi ritaya, ta sa tabarau ta lissafo bakwai da sunansu da aikinsu, har ta faɗa min wanda ya fi kowa faɗa. Baiwar Allahn nan ta haura saba'in. Direbobi, masu gadi, masu girki, masu buga tafireta, su ne suka san fuskoki, kuma duk shekara sai mun je jana'izar wani. Shi yasa nake ta faɗa a gurup cewa sikana zata iya jira wata shida amma tsofaffin nan ba mu da tabbas, a fara zama da su da waya a ɗauki murya, a nuna hoto ɗaya ɗaya su yi bayani. Ba sabon abu bane a wurinmu, marigayi masanin tarihi Eldridge Mohammadou haka ya yi ta yawo fadar lamiɓe, sarakunan Fulani, daga Marwa zuwa Garwa, Rai Buba har Tibati yana naɗar bakin dattawa, yau duk mai rubuta tarihin arewacin Kamaru sai ya bi ta kansa. Kuma ka ga 'yan uwanmu na Najeriya, gidan Sardauna a Kaduna suka mayar Arewa House a ƙarƙashin jami'ar Ahmadu Bello tun 1970, ɗalibi ya je ya zauna ya karanta takardun da suka girmi ubansa.

Inda muka saɓa da wasu a gurup shi ne masu cewa a ɗauka da waya a zuba a Facebook shikenan an adana. Ni ban yarda ba. Na farko Facebook da WhatsApp matse hoto suke su rage masa ƙarfi, in ka zo bugawa babba sai ka ga fuska ta dagule. Na biyu shafin mutum ɗaya ne, ranar da aka sace masa waya ko ya manta lambar sirri ko ya rasu an gama. Na uku kuma wanda babu mai son faɗa, akwai hotunan da bai kamata a watsa ba sai da izini. 'Yan ajinmu mata da yawa yanzu hajiyoyi ne da surukai, hoton da aka ɗauka a bakin tabkin Dang a 1997 ba ɗankwali ba laifi bane a lokacin, amma ka jefa shi a intanet yau ka haɗa wa baiwar Allah rigima a gidanta. Haka takardar sakamako mai sunan wanda ya faɗi sau biyu, mutumin yanzu babba ne a wani wuri. A adana su eh, a rubuta bayaninsu, amma nunawa sai mai abu ya yarda. Wani ya ce min ai tarihi baya jin kunya, nace masa to mu muna ji.

Akwai kuma masu cewa a tattara a ba Turawa su sun iya ajiya. Gaskiya sun iya, 'yan mishan na Nowe da suka zo garin nan tun 1925 sun bar hotunan Ngaundere da mu kanmu bamu da irinsu, kuma haɗin gwiwar da aka yi da jami'ar Tromso ta can Nowe a shekarun 1990, Ngaundere-Anthropos, ya fitar da ɗalibai da suka iya aiki da kamara. A basu kwafi ban ƙi ba, ƙarin wurin ajiya ne. Amma asalin ya zauna nan inda jikan mai hoton zai iya hawa moto ya je ya gani ba sai ya nemi biza ba.

To ga abun da nake roƙo a wurinka. Albam ɗinka mai jan bango na san ka tafi da shi, kai ne ka fi kowa hoto a cikinmu don kai kaɗai ke da kuɗin banza lokacin. Dan Allah kar ka ɗauka da waya, ka samu sikana ta kirki ka sa ƙarfin kwafin a dpi 600, ka kwafi gaba da baya don abun da aka rubuta a baya wani lokaci ya fi hoton amfani. In albam ɗin irin mai danƙo ne kuma hoton ya kama kar ka fizge, kwafi shafin gaba ɗaya. Kar ka rubuta da biro a baya, yana hudowa ta gaba, fensir mai laushi ya isa. Kuma kar wani ya ruɗe ka da maganar manne su cikin roba da injin zafi, in an yi ba a cirewa har abada. Takardu kuma ka cire musu ƙusar sitefila da kilif, tsatsa ke cinye gefen. Masu kala da suka fara komawa ja ka fara da su, launin ne ke gudu kuma baya dawowa. Kowane fayil ka sa masa shekara da wuri da sunan waɗanda ka gane, wanda baka gane ba ka bar shi haka kar ka yi cinta, sunan ƙarya ya fi rashin suna ɓarna. In zaka turo ta WhatsApp ka turo a matsayin dokima ba hoto ba. Ni nan ina ajiye kwafi uku, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a diski na waje a gidan ƙanena a Garwa, ɗaya a intanet. Af, in kana da disket ɗin memuwar ɗinka kar ka yar, har yanzu ana samun na'urar karanta su, can wurinku ma zata fi sauƙin samu.

Sai maganar Kawu na Injamena. Ka taɓa ce min yana cikin waɗanda suka yi Jami'ar Cadi farkon buɗe ta, ai a 1971 aka kafa ta garin ma yana Fort-Lamy tukuna sai 1973 aka canza suna, sannan yaƙin 1979 ya zo ya watsa karatu mutane suka tsallaka kogi zuwa Kusiri ta Kamaru da abun da hannu ya iya ɗauka. Duk wanda ya fito da hoto ko katin ɗalibi na waɗannan shekarun abu mai tsada ne a hannunsa ko bai sani ba. Ka kira shi ka lallaɓa shi, in ya yarda zan sa yaron wajena da ke karatu a can ya je ya gaishe shi ya zauna da shi, amma ka fara yi masa bayani da kanka, ka san halin Kawu in baƙo ya zo da waya yana tambaye tambaye sai ya ɗauka ɗan leƙen asiri ne. Ruwan da ya ci unguwanni a Injamena a 2022 ma ya isa ya sa a hanzarta, ban san ko akwatunansa a ƙasa suke ba ka tambaye shi.

Mutanen Marwa ma na yi musu magana, tasu jami'ar ta 2008 ce, ta Garwa kuma 2022, su komai nasu a waya yake suna ganin basu da matsala, alhali waya ta fi akwati saurin ɓata.

In ka samu mai zuwa gida ƙarshen shekara ka haɗo mu da ambulan ɗin ajiye fim da kwalayen nan marasa asid, nan na zaga kasuwa ban samu ba sai na roba masu riƙe gumi. Ka faɗa min kuɗin in ba Hajiyarku a nan. Ka gaida uwargida da kyau, ka shafa min kan yara, ka ce wa babban ina jiran sakamakonsa na bana.

Wassalam,
naka na Ngaundere