Wasiƙa zuwa Jalingo, kan taraktar da ta ƙi tsayawa

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da uwargida da yara. Ya ruwa, ya aikin gona? Tun bayan ƙaramar salla ban ji ɗuriyarka ba, kai da ka ce kana isa za ka aiko da shinkafa. Bakano dai ko ya koma gabas sai an yi ciniki kafin ya cika alkawari. Akwai tambayar da nake son yi maka game da filin nan na bayan makaranta, amma bari mu fara da mai zafi.

Ƙaninka ya biyo ta gareji ranar Laraba. A bakinsa na ji cewa 'yar taraktar da ka sayo ta koyi tafiya da kanta: ka ɗage ƙafa daga feda, ita kuwa ta ci gaba da rarrafe, har ta dangana da katangar sito. Ya kuma ce wani ya ba ka shawarar a sauke giya a buɗe cikinta. Don Allah kada ka bari kowa ya sa sifana a jikin akwatin nan tukuna. Ciwon da ya kwatanta min, galibi a waje yake, a ƙarƙashin ƙafarka.

Irin wannan giya mai fedar gaba da baya, wadda ake kira hydrostatic (HST), da mai take aiki. Inji yana juya famfo mai fistoci, fistocin suna jingine da wani faifai da ake karkatarwa. In faifan ya karkata gefe ɗaya, mai ya tafi ga wata na'ura da ke juya tayoyi, ka yi gaba. In ya karkata ɗaya gefen, ribas. In ya tsaya cak a tsakiya, famfo na juyawa amma ba ya tura komai, shi ne firi. Akwai ɗan gajeren ƙarfe da ya fito daga jikin akwatin, shi ke karkatar da faifan, kuma da shi fedarka take haɗe ta hanyar sanda. A jikin hannun wannan ƙarfe akwai tsaga mai kama da bakin gwafa, da ƙaramin boris da sifirin ke dannawa cikin tsagar. Kana sakin feda, boris ya gangara gindin tsaga, faifai ya dawo tsakiya. Duk abin da ya hana boris ɗin nan zama a gindin tsagarsa, ko da kaurin farce ne, zai bar faifai a ɗan karkace, tarakta ta yi ta jan ciki.

Kafin komai, rarrabe abu biyu. In a gangare take zamewa a hankali, wannan halin irin giyar ne, mai yana ɗan sulalewa a ciki, maganinsa ka kulle birki. In kuwa a shimfiɗaɗɗen wuri take tafiya, kuma kana ƙara totur tana ƙara sauri, to faifan ne bai koma tsakiya ba. Gwada wannan: lokacin da take rarrafen, sa yatsan ƙafarka ka ɗago fedar ko ka taɓa ta baya kaɗan. In ta tsaya nan take, feda ce ko sanda take cijewa, saitin bai motsa ba. Ka kuma lura ko kullum gefe ɗaya take ja. Wadda ke yin gaba bayan ka taka gaba, ta yi baya bayan ka taka baya, tauri ne ke damunta. Wadda ke jan gefe guda ko yaya ka taka, ita ce mai neman saiti.

Kashe inji, zare makulli, kulle birki, ka shiga ƙarƙashi da tocila. Taɓon fadama in ya bushe dutse ne, kuma kai na san ka da ƙyuyar wanki tun muna makaranta. Kankare laka, ciyawa, karan shinkafa da tsakuwa daga kan sanda da tsagar nan. Duba ko tabarmar roba ta ƙasa tana gogar feda. A gindin feda, inda take juyawa, yawanci akwai kan giris da mutane ke mantawa da shi shekara da shekaru saboda a ɓoye yake. Buga masa giris har sabo ya turo tsoho waje. In ya ƙi sha, kwance fedar, wanke ƙarfen da kananzir, goge tsatsa da lallausar samfefa, ka shafa giris ka mayar. Sai ka juya boris ɗin da yatsa: in yana ƙugi, ko ya daskare, ko gefe ɗaya ya cinye ya zama fale-fale, canza shi. Ɗan ƙaramin boris ne, lambarsa na jikinsa, masu kayan babur ma sukan samu. Duba sifirin ko ya saki ko ƙugiyarsa ta karye, kuma in za ka canza, nemi mai tsawo da kauri irin nasa, kada a ɗaura maka robar tayar keke.

Akwai wata 'yar shokazoba a jikin sandar feda, aikinta ta hana feda dawowa da fizga. Idan ta lanƙwashe ko ta cije, sai ta riƙe fedar a hanya. Cire bol ɗaya na bakinta ka gwada fedar da hannu. In ta koma tsakiya sumul, ka kama ɓarawon. Haka nan hannun da ke riƙe gudu ba tare da taka feda ba, in taraktarka na da shi: tabbatar ya koma ƙarshen baya, don in ya tsaya rabi zai riƙe sandar. Na ƙarshe a wannan layi, kama hannun da ke kan ƙarfen akwatin giya ka girgiza. Bai kamata ya yi wasa ba ko kaɗan. In yana wasa, ko notin matsewa ya kwance, ko fil ɗin da ya ratsa shi ya karye, kuma duk saitin da ka yi a kan haka aikin banza ne.

Af, kafin in manta, Gwaggo ta dawo daga Umara, kuma ta tambaye ka sau biyu. Ta ce har yanzu ba ta yafe maka maganar zabin nan ba. Ɗan autansu ya gama hidimar ƙasa, ana ta maganar aure, yarinyar 'yar Sabon Gari ce. Kira ta ka yi mata barka da sauka, kada ka jira sai ta aiko.

To, in ka gama duk wancan tana nan tana rarrafe, sai saiti. Nan ne nake so ka natsu, don aiki ne da ake yi inji na kunne. Zagaya da ita minti 10 zuwa 15 mai ya ɗumama, saboda saitin da aka yi da mai mai sanyi yakan canza da rana. Kai ta wuri mai tauri, shimfiɗaɗɗe. Sauke garma ko duk abin da ke rataye a baya, ka kashe ƙarfen da ke juya kayan aiki. Sa waji gaba da bayan tayoyin gaba. Ɗaga baya da jak har tayoyi biyu su bar ƙasa, ka tokare gatarin hagu da dama da matokarin ƙarfe ko katako mai kauri. Ban yarda da bulon siminti ba, fashewa yake yi babu sallama. Cire giyar tayoyin gaba. In ka manta da ita a ciki, tayoyin gaba za su ja taraktar ta sauko daga kan matokari, kai kana ƙarƙashi. Babba mai hankali ya zauna a kujera, ƙafarsa kusa da birki, hannunsa kusa da makulli, kada ka haɗa wayar kujera, wadda ke kashe inji in babu kowa a kai, don ka yaudare ta. Kai kuma cire 'yar sharar nan, sa riga matsattsiya, domin wasu taraktocin suna da fanka da ƙarfe mai juyawa dab da wurin.

Sa ƙaramar giya, saki birki, tayar da inji. Hannun da ke ɗauke da boris yana zaune a kan wani bol mai ƙusumbi, wanda tsakiyarsa ba ta daidai, da wani bol ko noti da ke kulle shi. A wasu kuma rami ne dogo da ake zamar da farantin a cikinsa. Sassauta makullin kaɗan kawai. Juya mai ƙusumbin a hankali har taya ta fara motsi gaba, yi alama da alli. Juya shi baya har ta tsaya, ci gaba har ta fara ribas, yi alama ta biyu. Tsakiyar alamun nan biyu ita ce wurinka. Riƙe shi da sifana ɗaya, ka ɗaure makullin da ta biyu, in ba haka ba ɗaurin zai ja shi ya goce. Kalli tayoyin duka biyu, wani lokaci ɗaya ce kaɗai ke juyawa. Daga nan a taka gaba a saki, a taka baya a saki, kamar sau biyar kowanne, a silo sannan a cikakken totur. Kowane sakin, taya ta tsaya cak. In fedar ta tashi a karkace bayan saiti, a tsawon sanda ake gyarawa, kada ka koma taɓa ƙusumbin.

Ba ka ma faɗa wa ƙanin naka lambarta ba. In irin manyan nan ce masu feda ta lantarki, kamar eHydro na John Deere ko HST Plus na Kubota, waya ce ke fita daga fedar zuwa kwamfuta, kuma saitinta sai an bi littafin taraktar. Ɗauko min hoton farantin lamba da na ƙarƙashin feda.

Man giyar fa? Kada ka yarda a zuba mata baƙin mai ko man giyar tirela. Kubota na son Super UDT2, John Deere na son Hy-Gard, ko wani mai da aka rubuta a jikin galan cewa ya dace da su. A yawancin ƙananan Kubota ana canza filta duk awa 200, mai kuma duk awa 400. In ka zaro ma'auni ka ga mai ya yi fari kamar koko, ruwa ya shiga. In ka ga ƙyalƙyalin garin tagulla a ciki, ko ka yi saitin nan ka kasa samun tazara tsakanin alamun biyu, a nan ne za a fara zancen cikin akwati, kuma kira ni kafin a kwance bol ɗaya.

Kafin ka gyara, duk wanda zai sauka daga kanta ya kulle birki, ya sa giya a firi, ya sauke garma ƙasa, ya kashe inji. Ka ja wa yaran gonar kunne sosai, musamman mai son tsayawa a gabanta yana buɗe ƙyaure. 'Yan biyunka kuma kada su kusanci wurin.

An kira magariba. Gaishe min da uwargida, ka ce mata yajin ya ƙare tun watan jiya. Shinkafa kuma buhu biyu ce yanzu, ɗaya ladan wannan takarda.

Naka,
mutuminka na Tudun Wada, Zariya