Wasiƙa ga Ɗana a kan Barkonon Tsohuwa

Ya ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, mahaifiyarka ta shaida mini cewa shagon da kake koyon aiki yana kan ɗaya daga cikin titunan Kano da aka yi ta harba barkonon tsohuwa lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024. Ga ka kuma da asma tun ƙuruciya, don haka na kasa yin shiru.

Abin da ake gani kamar hayaƙi, gari ne mai laushi ƙwarai wanda yake manne wa ido da fata da tufafi, kuma yakan taru a kwari da lungun da iska ba ta ratsawa. Idan ya riske ka, ka lura da inda iska take kaɗa shi, ka kauce masa, ka nemi tudu ko fili, kada kuma ka taɓa gwangwanin da aka harbo, domin zafinsa yana ƙone hannu.

Hannunka zai so kai wa ido, amma ka daure, domin murzawa tana ƙara cusa garin ne. Ka yi ta kwarara ruwa mai tsabta a idon na minti 10 zuwa 15 kana ƙiftawa, ko da ruwan leda ne. Na san samari suna shafa kananzir ko man goge baki a fuska suna cewa magani ne. Kada ka bi su, domin kananzir yana ƙone fata, maiƙo kuwa, ko na man kaɗanya ne, riƙe garin yake yi.

Da ka isa gida, ka tuɓe kayan ba tare da ka ja riga ta kan fuskarka ba, ko da sai an yanka ta, ka ƙulle su a leda, sannan ka yi wanka da sabulu da ruwan sanyi.

Yawanci raɗaɗin yakan lafa cikin rabin sa'a. Amma kai, idan ƙirjinka ya riƙe ko numfashinka ya fara fito, ka shaƙi maganinka nan take, in bai sake ka ba a kai ka asibiti, haka nan idan ganinka ya ci gaba da dishi-dishi. Maganin shaƙar nan ya zauna a aljihunka kullum. Mahaifiyarka ta ce a ɗaki kake barinsa.

Ka gaishe mini da maigidanka. Allah Ya tsare.

Mahaifinka.